Fushinki bai fitar da ke daga ƙaunar Allah ba

Inna, ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, a nan Maradi nake zaune. Maigidana ya rasu bara bayan doguwar jinya. Ya bar mana gona a fadama, rabonsa ne na gādon mahaifinsu, kuma ita ke ci da mu: zogala da tumatir da rani, dawa da damina. Ba a daɗe da rufe shi ba wansa ya jinginar da gonar ga wani ɗan kasuwa ba tare da ya shawarce ni ba, wai kuɗin sun tafi biyan bashin asibiti. Har yau ban ga takarda ba, ban ga ko dala ba. Wan mijin nan nawa dattijo ne a ikkilisiyarmu, shi ke zagawa da faranti ranar Jibin Ubangiji. Na kai kuka wurin matan zumunta, suka ce in yi haƙuri in bar wa Allah, Kirista ba ya fushi. Na yi shiru, amma cikina tafasa yake. Na daina karɓar Jibi. Wani dare na yi masa Allah ya isa, har na roƙi Allah ya nuna masa a kan 'ya'yansa. Kwanan baya na mari babbar ɗiyata don ta ɓarar da miya, marin da ya bar shaida a kumatunta. Sai ga autana ya kwanta da zazzaɓi har aka ƙara masa jini. Ya warke, amma zuciyata tana ce mini bakin da na yi ne ya dawo kaina. Inna, Allah fushi yake da ni? Yaya zan kashe wannan fushi in koma cikin ƙaunarsa?

Uwar marayu

Ɗiyata, sannu da rashi. Allah ya raya abin da aka bari, ya ƙara wa auta lafiya.

Zan fara da maganar yaron, domin ita ce ta fi danne ki. Ba bakinki ne ya kwantar da shi ba. Sauro ne ya cije shi. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, shiga ɗakin yara na kowane asibiti a jihar nan ki gani, gado ɗaya yaro biyu, uwaye a ƙasa kan tabarma, ana ta neman mai ba da jini. Cikinsu akwai 'ya'yan masu addu'a da 'ya'yan waɗanda ba su taɓa durƙusawa ba, akwai na masu sanyin hali da na masu zafin rai, zazzaɓin bai tambayi kowa halin uwarsa ba. Almajirai sun taɓa yi wa Yesu irin tambayarki a kan wani da aka haifa makaho, suka ce laifin wa ne, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne (Yahaya 9:1-3). A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Annabi Ezekiyel ma ya faɗa sarai cewa ɗa ba zai ɗauki alhakin mahaifinsa ba (18:20). Allahn da muke bauta wa ba ya karɓar muguwar magana daga bakin gwauruwa mai kuka cikin dare ya juya ta ya jefi jaririnta da ita. Wannan tunanin daga wajen bokaye ya shigo mana, inda aka ce asiri in bai sami wanda aka aika wa ba yakan komo kan mai shi. Ki sauke shi. Abin da ke wuyanki game da auta shi ne gidan sauro kowane dare, da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara wata-wata da damina, da saurin kai shi likita da zarar jikinsa ya yi zafi.

Sai maganar matan zumunta. Na tabbata da kyakkyawar niyya suka faɗa, kuma da yawansu sun haɗiye abin da ya fi naki ɗaci. Amma wannan magana ta cewa Kirista ba ya fushi babu ita a Littafi Mai Tsarki. Buɗe Fitowa 22:22-24 ki karanta a hankali, in da hali da ƙarfi, ki ji da kunnenki. Allah ya ce kada a wulakanta gwauruwa ko maraya. Ya ce in aka wulakanta su suka yi kuka gare shi, lalle zai ji, kuma fushinsa zai yi ƙuna. Ki lura da wanda ke fushi a nan, ki lura kuma saboda wa yake yi. Tun kafin cikinki ya fara tafasa, akwai wanda ransa ya riga ya ɓaci da abin da aka yi wa yaran nan huɗu. Kin tambaye ni ko Allah yana fushi. I, yana yi, amma a maganar gonar nan ba ke ya sa a gaba ba, ke yake tsaya wa.

Mutane da yawa sun ɗauka fushin Allah da ƙaunarsa kishiyoyi ne, in ɗaya ta shigo ɗaya ta fita, yau yana son mu gobe ya juya mana baya. Ni ba haka na karanta ba. Ke kanki me ya sa kike fushi? Da gonar wani baƙo ce a wata ƙasa aka jinginar, da kin ce ayya kin wuce. Kina ƙuna ne domin kina ƙaunar 'ya'yanki, kina kuma tuna gumin da ubansu ya zuba a wurin. Haka yake ga Allah, sai dai nasa babu son kai a ciki kuma ba ya kuskuren wuri. Da zai ga an ƙwace abincin maraya ya yi ko-oho, da ba za mu kira shi mai ƙauna ba. Dubi Yesu a majami'a ran Asabar, ga mutum mai shanyayyen hannu a tsaye, ga manya sun yi tsit suna jira ya warkar su kama shi da laifi. Markus 3:5 ya ce ya dube su da fushi, yana baƙin ciki saboda taurin zuciyarsu. Fushi da baƙin ciki a kallo guda. Me fushin ya haifar? Ya ce wa mutumin ya miƙa hannunsa, hannu ya warke. Bai taɓa lafiyar ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi ne kuma ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a don a gani (Markus 12:40). Wanda ya faɗi haka ba zai ce miki ki yi murmushi ki ce ba komai ba.

Abin da Littafi ya yi ta nanatawa shi ne Allah mai jinkirin fushi ne, mai yawan ƙauna (Fitowa 34:6, Zabura 103:8). Na san wannan jinkirin yana da zafi ga wanda aka cuta. Annabi Yunusa ya ji zafinsa har ya roƙi mutuwa, don Allah ya ƙi hallaka Nineba, birnin mutanen da suka addabi ƙasarsa. Allah bai kore shi ba. Ya tambaye shi ne kawai ko daidai ne ya yi fushi, ya tsiro masa da inuwa, ya zauna yana ba shi hujja, yana tuna masa da mutum fiye da 120,000 da ba su san dama da hagu ba. Jinkirin da ya sa wan mijinki yake yawo lafiya yau, ana ba shi lokacin tuba, shi ne dai jinkirin da ya rufa miki asiri a daren da kika roƙi masifa a kan yaran da ba su san hawa ba balle sauka. Allah ya ji addu'ar nan, bai amsa ba, kuma rashin amsawar ƙauna ce. Yakubu da Yahaya sun taɓa neman izinin kiran wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu. Ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye, bai sallame su daga almajiranci ba (Luka 9:51-56).

Yanzu bari in faɗa miki inda nake jin tsoro, kuma ba zan sassauta ba don ina son ki. Fushinki yana da gaskiya, amma ya ɓata hanya. An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya jinginar da gona yana barcinsa, yarinyar da ta rasa uba ita ce ke yawo da shatin yatsu a fuska. Mu mutanen Maradi mun san halin gulbi. Ruwan nan shi ke jiƙa fadamar da kike kuka a kanta, ba don shi ba da babu zogala babu tumatir. Amma a 1945 da ya fi ƙarfin gaɓarsa, tsohon gari da ke cikin kwari ya ci, har aka hau da Maradi kan tudu. An toshe wa fushinki hanyar da ya kamata ya bi, aka ce ki yi shiru, shi ya sa ya malalo cikin ɗakinki. Manzo Bulus bai ce kada a yi fushi ba. Cewa ya yi in kun yi fushi kada ku yi zunubi, kada rana ta faɗi kuna riƙe da shi, kada ku ba Iblis ƙofa (Afisawa 4:26-27). Naki ya kwana, ya shekara, kuma ƙofar da ya samu ita ce ɗiyarki.

Ki nemi gafararta. Na san a gidajenmu ba a saba uwa ta ba ɗiya haƙuri ba, sai dai a ƙara mata nama a miya a ce magana ta wuce. Wannan bai isa ba. Ki bari ƙannenta su yi barci, ki kira ta kan tabarmarki, ki kama hannunta ki ce, "Marin da na yi miki ban kyauta ba. Ba miyar ba ce, wani abu ne ke cina, kuma ba laifinki ba ne. Ki yafe mini." Kada ki ƙara da "amma ke ma". Wataƙila ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, wataƙila ta fashe da kukan da take ɓoyewa tun ranar jana'iza, domin babbar ɗiya takan haɗiye nata don kada ta ƙara wa uwa. In ta yi kuka ki bar ta ta yi, ki yi tare da ita. Daga yau kuma in kika ji abin ya taso, hannunki ya fara rawa, fita tsakar gida, ɗauki tulu ko taɓarya, ki bar yaro sai jikinki ya yi sanyi.

Bakin da kika yi wa 'ya'yansa ma ki janye shi a gaban Allah, ki ambaci sunayensu ɗaya-ɗaya ki sa musu albarka. Jinin mijinki ne, 'yan'uwan 'ya'yanki ne, gobe su za su tsaya wa juna a biki da makoki. Wannan ba ya nufin ki riƙa yi wa Allah addu'ar ladabi alhali zuciyarki na ci da wuta. Ya san abin da ke ciki, ɓoyewa ba ta da amfani. Zabura cike take da mutanen da suka zo gabansa a fusace. A Zabura 13 Dawuda yana tambaya har yaushe Allah zai manta da shi. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, amma an bar ta cikin Littafi don irin darenki. Ki faɗa masa duka: an cuce ni, na gaji, ina jin haushin mutumin nan, ina jin haushin shirun ikkilisiya, har kai ma ina da tambaya a kanka. Sannan ki bar hukunci a hannunsa, kamar yadda Romawa 12:19 ta ce ramuwa tasa ce. Bambancin kuka da la'ana ke nan: mai kuka yana kai ƙara, mai la'ana ya riga ya yanke hukunci yana aiken Allah ya zartar.

Barin ramuwa ga Allah kuwa daban, barin gonar marayu daban. A nan ne na rabu da masu cewa ki bar wa Allah ki koma gefe. Gonar ba taki ba ce balle ki yi kyauta da ita, amana ce ta yara huɗu. Yesu da bakinsa ya ba da misalin gwauruwar da ta yi ta sintiri wurin alƙali marar tsoron Allah tana cewa a bi mata hakkinta, har ya gaji ya bi mata (Luka 18:1-8), kuma yabonta ya yi. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar sun tsaya gaban Musa da dukan jama'a suka nemi gādon ubansu, Allah ya ce gaskiyarsu ne (Littafin Ƙidaya 27). Wannan ita ce hanyar da ya kamata fushinki ya bi, ya zama ƙarfin ƙafa da ƙarfin baki.

Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa yadda ake yi. A fara da wan mijinki shi kansa. Kada ki tafi ke kaɗai, kada kuma ki tafi da rana tsaka a gaban iyalinsa. Ki ɗauki wanki ko kawunki, mutum mai sanyin magana, ku same shi da sassafe ko bayan cin tuwon dare. Ki gaishe shi da girmansa, ki ce, "Yaya, na zo ne a kan gonar marayu. Wa aka jinginar wa, a kan jika nawa, su wa suka shaida, ina takardun asibitin da aka biya?" Ki tafi da shirin jin abin da ba ki zata ba. Doguwar jinya tana cin kuɗi, mai yiwuwa ne da gaske ya ci bashi don ƙanensa bai gaya miki ba. In haka ne, laifinsa ya ragu amma bai goge ba, domin bai kamata a taɓa abincin yara a ɓoye wa uwarsu ba. In kuwa lissafi bai fito ba, kin san inda kika tsaya. Ko ta yaya, ki matsa a rubuta cewa jingina ce, da adadin kuɗin, da sa hannun shaidu. Gonaki da yawa a ƙasar nan da sunan jingina suka tafi, shekaru suka wuce, shaidu suka mutu, aka wayi gari ana cewa sayarwa aka yi.

In ya ƙi saurara, sai ki kai wa fasto, ki roƙa a zauna da dattawa, shi kuma ya zauna a matsayin wanda ake ƙara, ba cikin masu yanke magana ba. Dattijo ba ya fi ƙarfin tambaya. 1 Timoti 5:19-20 ta ce a karɓi ƙara a kansa in akwai shaidu biyu ko uku, in ya yi laifi kuma a tsawata masa. Ikkilisiyar farko ma da aka yi gunaguni cewa ana tauye wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, mutum bakwai suka sa aka zaɓa don a gyara (Ayyukan Manzanni 6). Za a iya kawo miki 1 Korintiyawa 6, inda Bulus ya hana 'yan'uwa kai juna gaban alƙalan waje. Ki karanta ta duka. Kunyar da ya ba su ita ce an rasa mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai raba gardama, ya kuma tsawata wa masu cutar 'yan'uwansu. Ayar nauyi ce a kan ikkilisiya ta yi adalci, ba mayafin da mai cin amana zai lulluɓa da shi ba.

In ikkilisiya ta kasa, ƙofa ba ta rufe ba. A dokar ƙasarmu rikicin gona yana fara zuwa wurin maigari ko hakimi don sulhu, a rubuta takardar an sasanta ko ba a sasanta ba, da ita ake wucewa gidan shari'a. Bayan dokar karkara ta 1993 an kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, a ƙauyuka da kwaminoni, su ke rubuta shaidar gādo da saye da jingina. Akwai kuma hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, ki tambayi ofishinta a babbar kotu. Ki nemo tsofaffin da suka halarci rabon gādon mahaifinsu tun suna da rai da hankalinsu, da maƙwabtan gona da suka san iyaka.

Gafara fa? Za ki yi ta, domin Ubangiji ya umarta, kuma domin ke ma da ita kike rayuwa. Amma kada kowa ya sa miki agogo. Gafara ita ce ki daina fatan sharri a kansa, ki sauke niyyar ramawa, ki iya roƙa masa tuba da zuciya ɗaya. Ba ita ce ki ce bai yi laifi ba, ba kuma ita ce ki sake damƙa masa amanar yara ba. Yusufu ya yafe wa 'yan'uwansa, amma sai da ya gwada su ya ga sun sāke, kuma ko a ƙarshe bai ɓoye sunan abin ba, ya ce mugunta kuka nufe ni da ita (Farawa 50:20). Mu Kiristocin ƙasar nan mun san wannan a jikinmu. Da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, da aka sa wa wata wuta a unguwar Zariya a nan Maradi a Yunin 2019, an yi wa'azin gafara kuma an yi ta da gaske, ana ci gaba da gaisawa da cin kasuwa ɗaya da maƙwabta, waɗanda wasunsu ma su suka ɓoye 'yan'uwanmu a gidajensu. Duk da haka babu wanda ya ce ƙona ɗakin sujada daidai ne, babu wanda ya ce kada a sake gini. In mun iya riƙe gafara da gaskiya tare a kan na waje, bai kamata mu kasa a kan na cikin gida ba. Matan zumunta da ke karanta wannan, ina roƙonku, in gwauruwa ta kawo kuka kada "yi haƙuri" ta zama ƙarshen maganarku. Biyu daga cikinku su ɗaura zane su raka ta wurin fasto.

Kin ce kina so ki koma cikin ƙaunar Allah. Ɗiyata, ba ki fita ba. Tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu (Romawa 5:8), bai jira zuciyar kowa ta huce ba. Tuna da babban ɗan nan a Luka 15, wanda ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya yi fushi ya ƙi shiga. Uban bai aika a ce masa in ya huce ya shigo ba. Tashi ya yi ya bar baƙi, ya fito waje inda yake tsaye, ya kira shi ɗana, ya ce kullum kana tare da ni. Saboda haka ki koma teburin Ubangiji. Teburin na Yesu ne, ba na mai zagawa da faranti ba. Umarnin Matiyu 5:23-24, na a bar baiko a je a shirya tukuna, yana kan wanda ɗan'uwansa ke da ƙara a kansa. A maganar gona wannan nauyin wan mijinki ne, naki shi ne na ɗiyarki, kuma kin san abin yi. In har yanzu hannunki ba zai iya karɓa daga nasa ba, gaya wa fasto a keɓe, ki zauna a layin da wani dattijo ke bi. Wannan ba laifi ba ne, kuma zai sa fasto ya gane girman abin da ke faruwa a garkensa.

Kada ki ja lokaci da maganar gonar. Ki aika wa wanki ko kawunki cikin makon nan, a zauna kafin a shiga aikin lambu, domin in mai jingina ya zuba iri ya kashe kuɗin taki da man injin ban ruwa, duk wanda zai yi sulhu cewa zai yi a jira ya kwashe amfaninsa, yaranki kuma su sake rasa wani rani. In kun zauna, ki rubuto mini abin da ya ce.